Waiwaye: Daga Amanawa Zuwa Yau, Yadda Hidimar Coci Ga Raunana Ta Sauya a Sakkwato

Duk wanda ke son fahimtar aikin jinƙai na majami'u a ƙasar Sakkwato, ya kamata ya fara daga Amanawa, matsugunin masu cutar kuturta da ke kan hanyar Gusau ba nisa da birni. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, gwamnatinsu ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Shi ya sa ƙungiyar 'yan mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda aka kafa tun 1893, ta daɗe tana aiki a wasu sassa ba tare da ta sami gindin zama a nan ba.

Cutar kuturta ce ta buɗe ƙofar. A shekarun 1930 aka miƙa wa SIM kula da matsugunan masu wannan cuta a Kano da Katsina da Sakkwato, inda En'e ke tallafawa da kuɗi, mishan kuma ta kawo likitoci da ma'aikatan jinya. Waɗanda aka tara a Amanawa mutane ne da danginsu suka ware musu ƙwarya da tabarma, wasu ma an yi musu bukka a bayan gari. A can ne aka riƙa wanke musu gyambo, ana yi musu allurar wani man itace mai zafin gaske da ake samowa daga ƙasashen Asiya, kafin ƙwayar dafson ta maye gurbinsa wajen shekarun 1950. An ba masu ƙarfi filin noma, an koya wa yara karatu da aikin jinya. Sai dai gaskiya ce cewa karatun nan ya zo tare da wa'azi, kuma hukumomin gargajiya sun sa ido sosai a kan lamarin yara, damuwar da har yau ba ta gushe ba.

Katolika ta bi wata hanyar. A 1953 aka damƙa yankin Sakkwato ga limaman Katolika 'yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka, ya zama cikakkiyar dayosis, wato yanki mai bishop nasa, a 1964, ƙarfinsu kuma ya fi karkata ga makarantu da ɗakunan shan magani. Da gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan a shekarun 1970, sai majami'u suka rasa manyan gine-ginen da suke hidima a cikinsu.

A ganina, wannan rashi ne ya haifi sabon salo. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna masu warkar da kuturta a 1981, killace majiyyaci shekara da shekaru ya daina zama dole. Ƙungiyar Kirista mai yaƙi da kuturta ta Leprosy Mission ta koma aiki tare da ma'aikatan gwamnati, ana gano cutar da wuri a ƙauyuka, ana koya wa wanda ƙafarsa ta daina jin zafi ya jiƙa ta a ruwa kullum, ya shafa mai, ya duba ko ƙaya ta soke shi bai sani ba, ana ɗinka masa takalmi mai taushi, ana haɗa shi da jarin sana'a. Mutum yana warkewa a gidansa, cikin 'ya'yansa, ba tare da an tambaye shi alƙiblarsa ba, kuma wannan ya fi tsarin da mutunta ɗan Adam.

Inda aka koma kan yara kuwa, tsohon zargi yana farfaɗowa. Lokacin da Bishop Matthew Hassan Kukah na Katolika, wanda ya zo Sakkwato a 2011, ya kawo shawarar koya wa almajirai sana'o'i, wasu ƙungiyoyin Musulmi sun ƙi amincewa, suna tsoron a sauya wa yaran addini. Yau kuma ga matan da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah suna kwana a kangaye da bakin tasha, cikinsu akwai zawarawa da marayu masu yawa, kuma duk majami'ar da ke son taimaka musu sai ta bi ta hannun masu unguwanni da limamai kafin a buɗe mata ƙofa.