Auduga Ba Ta Kare Kunnen Makaɗi

Makaɗa da yawa sun ɗauka cusa auduga a kunne lokacin gwaji ya wadatar. Ina! Ƙara ratsa ta take yi. Kusa da ganguna ƙara kan kai desibel 100 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma a wannan mataki minti 15 a rana ne iyakar da masana suka gindaya.

Toshen kunne na soso yana karewa, amma yana cinye siririn sauti, kiɗa ya dushe, har makaɗi ya gaji ya cire shi. Gara toshen makaɗa mai matatar sauti, mai rage desibel 15 daidai-wa-daida ga siririn sauti da mai kauri. Mai ganga ya nemi na 25.

In soso kaɗai ka samu, murza shi ya sirance, ja kunnenka sama da baya, cusa, ka danne daƙiƙa 30 har ya kumbura.