Majigin tara kuɗi don ƙananan manoma: me ake nunawa, ina kuɗin yake zuwa?

Ƙungiyoyin matasa da na ci gaban ƙauyuka kan shirya daren majigi, su nuna fim ɗin gaskiya a kan noma, su sayar da tikiti, su aza faranti a bakin ƙofa. Ga wasu tambayoyi da kan taso, tare da misalin wani fim da ya dace da irin wannan dare.

Wane irin fim ake nufi?

Fim ne da ba 'yan wasa suka tsara labarinsa ba, ana bin mutum da kyamara ne a cikin ainihin aikinsa. Wanda ya fi kusa da mu shi ne wanda Mark Dodd, ɗan ƙasar Ingila, ya fitar a 2010 a kan Yacouba Sawadogo, manomi daga Gourga a yankin Yatenga na arewacin Burkina Faso. Sunan fim ɗin The Man Who Stopped the Desert, ma'ana mutumin da ya tsayar da hamada. Bayan farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980, lokacin da jama'a ke ɗaure kaya suna barin ƙauyuka, shi sai ya koma gona ya tasa faƙo a gaba. Maƙwabta suka ce ya taɓu. Kafin rasuwarsa a Disamban 2023, faƙon nan ya zama daji mai kusan hekta 40, kuma a 2018 an ba shi lambar yabon Right Livelihood ta ƙasar Suwidin.

To me ya yi da ya bambanta da noman da aka sani?

Rami ya haƙa. Mosawa, ƙabilar Sawadogo, na kiran ramin zai, a Nijar kuma ana ce masa tassa. Dabarar ta kaka da kakanni ce, shi gyara ta ya yi. Ana haƙa ramin tun da rani, faɗinsa kamar bakin ƙwarya, zurfinsa bai wuce taƙi guda ba, a tara ƙasar da aka tono ta ɓangaren gangare don ta tare ruwa. Sai a zuba tafi ɗaya ko biyu na taki a ciki, a bar shi. Gara, wadda manomi ya saba ɗauka a matsayin abokiyar gaba, ita ce ke zuwa cin takin, tana huda ƙasa da hanyoyinta. Ranar da ruwan farko ya sauka, maimakon ya malale a kan faƙo ya tafi da ƙasar sama, sai ya kwanta a ramin ya bi hanyoyin garar ya nutse. A nan ake jefa irin gero ko dawa. 'Ya'yan itatuwan da dabbobi suka ci suna cikin takin, su ma sai su tsiro tare da hatsin, kuma ta haka dajin ya fara. Ya kuma haɗa da jera duwatsu a gicciyen gangare don rage gudun ruwa.

Idan dabarar ba ta buƙatar tarakta ko takin zamani, kuɗin me ake tarawa?

Nan ne masu shiri da yawa ke kuskure, sai ka ga an tara kuɗi an sayo injin da ba wanda ya nema. Tassa ba ta cin kuɗin kanti, ƙarfin jiki take ci. Hekta ɗaya na ɗaukar ramuka sama da 10,000, aikin da kan kai awa 300 ko fiye, a cikin zafin bazara, lokacin da rumbu ya fara ganin ƙasa kuma majiya ƙarfi sun tafi cin rani. Saboda haka abin da ake buƙata shi ne diga da shebur, amalanke da jaki na ɗaukar taki da duwatsu, da abincin 'yan gayya.

Amma a ganina kuɗin motar kai manoma su ga aikin da idonsu ya fi duka waɗannan. A 1989 wani shirin raya karkara ya ɗauki manoma 13 daga Illela ta jihar Tawa a Nijar (ba Illelar Sakkwato ba) ya kai su Yatenga suka ga ramukan da idonsu. Da suka dawo suka gwada. Shekarar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da hatsi, na kusa da su suka ƙone. Daga nan ba wanda ya sake roƙon kowa, har aka fara sayen faƙon da a da ko kyauta ba a so. Shi ma Sawadogo tun 1984 ya riƙa shirya kasuwar zai sau biyu a shekara, manoma su zo su yi musanyar iri su ga aikin. Manomi ba ya yarda da zance sai ya tsuguna ya taɓa ƙasar.

Ana iya sauko da fim daga intanet kawai a haska?

A'a. Kallo a ɗaki daban, nuna wa jama'a da karɓar kuɗi daban. A rubuta wa masu fim ɗin a nemi izini. A Kano kuma akwai hukumar tace fina-finai, gara a tuntuɓe ta tun da wuri.

Mutanenmu za su zauna kallon fim ɗin da ba rawa ba waƙa?

Ai kakanninsu sun zauna. Tun zamanin Turawa motar majigi ke shiga gari bayan magariba, a kafa farin allo a ƙofar fada, a nuna yadda ake noman auduga ko tsabtace rijiya, wani mai baki yana fassarawa da lasifika. Wannan mai fassarar shi ne rabin nasarar daren, domin bayanin fim ɗin da Turanci yake. A samo wanda ya san gona, wanda zai ce faƙo inda ɗan boko zai tsaya neman kalma. Kuma in da hali, a haƙa rami biyu ko uku a gefen filin, a ajiye buhun taki da tocila, bayan an kashe janareta mutane su zagayo su leƙa.

Ya za a yi kada a zargi masu shiri da cin kuɗin?

A faɗi abin da za a saya tun kafin a sayar da tikitin farko. A ƙirga kuɗin a gaban jama'a a daren, mutum biyu su sa hannu, a cire kuɗin mai da hayar kujeru a bayyane. Bayan damina a dawo da hotunan gonar.

Akwai abin da fim irin wannan kan ɓoye?

Akwai. Kyamara na son jarumi guda, alhali aikin na dubban mutane ne da ba a san sunansu ba. A jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5 ta hanyar sassabin zamani, wato barin kututturen gawo da kalgo su toho a rage musu rassa maimakon a tumɓuke su. Tassa kuma ba ta kowace ƙasa ba ce: a jigawa mai yashi ramin cikewa yake yi, inda ruwa ya yi yawa kuma shukar kan ruɓe.

Sai batun mallakar ƙasa. Dajin Sawadogo kansa ya sha barazana da garin Ouahigouya da ke kusa da Gourga ya faɗaɗa aka fara yanka filaye a cikinsa, saboda ba shi da takarda. Kafin ƙungiya ta zuba kuɗin majiginta a wani faƙo, ta fara zama da mai gari da masu filin a rubuta na wane ne, da wanda zai girbe abin da ya fito.