Rama da ƙiba a gida ɗaya: waiwaye kan matan Kudancin Asiya

Tun da sakamakon binciken lafiyar iyali na Indiya na 2019 zuwa 2021 ya fito ake ta cacar baki a kansa. Kashi 24 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kusan kashi 19 kuma ramammu ne. A binciken 2005 zuwa 2006 masu ƙibar kashi 13 ne kacal, ramammu kashi 36. Wasu na ɗora laifin a kan lemon kwalba da zaman kallon waya, kamar jiya abin ya faro.

Farkon labarin sananne ne. Yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 ta ci rayuka wajen miliyan uku. Daga shekarun 1960 aka duƙufa noman alkama da shinkafa, rumbuna suka cika, gero da dawa da dangin wake suka ja baya. Ciki ya cika, jiki bai ginu ba.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a tsakiyar shekarun 1990, a wasu ƙauyuka shida kusa da birnin Pune na Indiya. Likitoci suka bi mata tun kafin su ɗauki ciki har suka haihu. Matsakaicin nauyin matan kilo 42 ne. Jariransu suka zo da kimanin kilo 2.7, na Southampton a Ingila kuwa 3.5. Da aka auna su gaɓa-gaɓa sai aka ga tsoka ce ta yi ƙaranci, kitsen da ke ƙarƙashin fata kuwa kusan yana nan yadda yake. Wato jikin da ya sha yunwa tun a mahaifa ya koyi tattalin kitse. Idan jaririyar ta girma ta tarar da farar shinkafa da mai da sukari masu araha, teɓa da ciwon suga ba sa yi mata wuya.

To, me ya ramar da uwar? A gidaje da yawa a Indiya da Nefal da Bangladesh, amarya ita ke girki, ita ke ci a ƙarshe, bayan maza da yara da uwar miji. An aurar da ita da ƙuruciya, aikin gida duk a kanta, kuɗin cefane ba a hannunta ba. Bincike a karkarar Indiya ma ya nuna 'ya'yan matar ƙane sun fi na matar wa gajarta, alhali tukunya ɗaya ake ci. A ganina nan ne tushen.

Ko an koma birni, matsayin nata bai sauya ba. Noma da ɗebo ruwa sun ragu, amma fita motsa jiki sai da izini, abincin da ya fi araha kuma shi ne mafi maiƙo. Ƙarancin jini kuwa bai bar ramammu ko masu ƙiba ba: daga kashi 53 na matan Indiya a 2015 zuwa 2016 ya hau zuwa 57 a 2019 zuwa 2021.