Ledar jinin babba ba ta yaro ba ce

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gaggawa na yara a arewacin Najeriya ya san yadda watan Agusta zuwa Oktoba yake. Damina ta yi nisa, sauro ya yi yawa, gadaje sun cika har ana kwantar da yara bibbiyu. Uwa za ta shigo da ɗanta a goye, ka buɗe tafin hannunsa ka gan shi fari fat, ka ja fatar idonsa ta ƙasa ba ka ga ja ko kaɗan ba. Zazzaɓin cizon sauro ya farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, yana haki kamar wanda ya sha gudu alhali a kwance yake. Irin wannan yaro jini yake buƙata, kuma cikin hanzari.

Wani dare a irin wannan lokaci ina kan aiki aka kawo wani yaro ɗan shekara biyu. Da ƙyar da jiɓin goshi mahaifinsa ya samo wanda zai ba da jini. Leda ta iso daga ɗakin gwaji a cike, irin wadda ake ɗiba daga babban mutum. Likitan da ke bakin aiki sabo ne, bai daɗe da gama makaranta ba, mai ƙwazo da tausayi. Ya rataye ledar yana shirin buɗewa, sai babbar sistarmu ta matso ta ce masa a hankali, "Likita, kilo nawa ne yaron?" Ashe cikin ruɗani ba wanda ya auna shi. Aka kawo sikeli, kilo 9. Ta ɗauki biro suka yi lissafi tare a bayan katinsa: mililita 20 ga kowane kilo, ya kama 180. Ledar kuwa tana ɗauke da kusan 450. Jinin da ke jikin yaro mai wannan nauyi gaba ɗayansa bai wuce mililita 700 da 'yan kai ba. Da an juye masa ledar duka, zuciyar da ta riga ta gaji ba za ta iya turawa ba, ruwa ya taru masa a huhu, a ce ajali ne ya zo. Bayan kwana huɗu yaron ya tafi gida yana cin biskit.

Ban taɓa ganin laifin likitan nan ba. A makaranta ana koyar da rukunin jini da dalilan ƙarin jini, amma abin da ake yi a gefen gadon yaro ƙarami da ƙarfe biyun dare sai an zaunar da mutum an nuna masa, ya yi da hannunsa a gaban wanda ya iya. A asibitocinmu na ƙananan hukumomi sau da yawa likita ɗaya ne, wani lokaci ɗan bautar ƙasa, kuma ba kullum ake dace da irin waccan sista a kusa ba. Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar kowane likita ko nas ya fara aiki a ɗakin yara ba sai an ba shi horo na musamman kan ƙarin jini, kuma a riƙa maimaita shi kowace shekara kafin damina ta kankama.

Abu na farko da horon ke gyarawa shi ne sanin wanda za a sa wa jini da wanda za a jira. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce: yaron da awon ƙarfin jininsa ya gaza 4, wato PCV (kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini) ƙasa da kashi 12 cikin ɗari, a sa masa. Wanda yake tsakanin 4 da 6, sai a duba jikinsa. In numfashinsa na yin sama-sama, ko hankalinsa ya fara gushewa, ko zuciya ta nuna gajiya, shi ma a sa masa ba tare da ɓata lokaci ba. In babu waɗannan alamomi, ana iya yi masa maganin abin da ya jawo ƙarancin jinin a sa masa ido sosai. Wani babban bincike da aka yi kan yara kusan 4,000 a Uganda da Malawi, wanda sakamakonsa ya fito a 2019, ya nuna cewa irin waɗannan yara in aka jira ana duba su ana sake awo, mutuwarsu ba ta fi ta waɗanda aka sa wa jini nan take ba, kuma kusan rabinsu ba su ma buƙaci jinin ba. Sharaɗin dai shi ne sa idon. Binciken ya kuma gano cewa yaran da jikinsu ba zafi sun fi amfana da mililita 30 ga kowane kilo, masu zafin jiki kuwa 20 ya fi musu. Ke nan auna zafin jiki kafin a rataye leda ba aikin cike takarda ba ne.

Yaro mai tamowa lissafinsa daban ne. Zuciyarsa ba ta da ƙarfi, don haka rabin na sauran yara ake ba shi, mililita 10 ga kowane kilo, a hankali cikin awa uku, tare da allurar sa fitsari. Mai sikila ma lissafinsa daban ne. A Najeriya ana haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara, kuma da yawansu da jini 7 ko 8 suke rayuwarsu lafiya lau. Wanda bai sani ba zai ga 7 ya firgita ya nemi leda. Yawan ƙarin jini ba bisa dalili ba yana tara musu sinadarin ƙarfe a jiki, yana kuma sa jikinsu ya fara ƙin jinin wasu, har ranar da ake buƙatarsa da gaske a rasa wanda zai dace.

Sai kuma mintuna 15 na farko, waɗanda a wurina su ne zuciyar aikin. Kafin a buɗe, mutum biyu su tsaya a gefen gado su karanta sunan yaro, lambar katinsa, rukunin jinin da ranar ƙarewar wa'adin ledar. A ɗaki ɗaya za ka iya samun Muhammad uku da Aisha huɗu, kuma jinin da ya fi kisa cikin sauri shi ne wanda aka sa wa wani alhali na wani ne. In an buɗe, ma'aikaci ya zauna a wurin, kada ya tafi. Babba zai ce maka bayansa na ciwo ko ƙirjinsa ya yi nauyi, yaro ɗan wata goma kuka kawai zai yi. Rawar ɗari, zazzaɓi da ya taso farat ɗaya, ƙuraje masu ƙaiƙayi, fitsari mai launin shayi, numfashi da ya ƙara sauri: da an ga ɗaya a rufe jinin, a bar jijiyar a buɗe da ruwan gishiri, a sake duba takardar leda. Ba a zuba magani a cikin ledar jini, ba a haɗa shi layi ɗaya da ruwan sukari. Jinin da ya fito daga firij a fara shi cikin minti 30, a gama cikin awa huɗu. A zafin ƙasarmu, ledar da aka ajiye a kan tebur ana jiran a samu jijiya tana iya zama gonar ƙwayoyin cuta.

Iyaye, ku ma da naku aikin. Uwa ce ke zaune a gefen gado, ita za ta fara ganin canji. In kin ga yaro ya fara karkarwa ko fitsarinsa ya canza launi, ki ɗaga murya ki kira nas, ba rashin kunya ba ne. Kada ki taɓa abin da ke daidaita ɗigon don jinin ya yi sauri. In kun ga an cire leda da sauran jini a ciki, ba asarar kuɗinku aka yi ba, iya abin da jikinsa zai ɗauka ke nan. Kada kuma ku matsa a sa jinin da ba a gama gwada shi ba. Dole a duba ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, ko da ɗan'uwa na jini ne ya bayar. Bayan sallama ku dawo ranar da aka ce, domin watannin farko bayan ƙarin jini lokaci ne da maleriya ke sake kayar da yaran nan, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 a riƙa ba su maganin rigakafinta bayan sun koma gida.

Duk wannan horo sai da jini a firij yake aiki. Lafiyayyen mutum mai shekara 18 zuwa 65 da ya kai kilo 50 zai iya bayarwa, namiji duk wata uku, mace duk wata huɗu. Inda ake da ƙananan ledoji na yara, jinin mutum ɗaya ana raba shi ya ishi yara biyu ko uku. Matasan unguwa da ƙungiyoyin masallatai, ku je ku bayar tun cikin Yuli, kafin gadaje su cika.