Me ya sa sabunta babbar manhaja ke goge saitin uwar garke?

Da gaske ne sabuntawa na goge abin da mutum ya gyara?

Takan goge, sai dai ba da ka take yi ba. A Linux, kowane fayil da ya zo cikin ƙunshin manhaja, mai kula da ƙunsoshi (manhajar da ke sakawa da sabunta su) ya rubuta shi a matsayin nasa. Wanda aka yi wa alamar fayil ɗin saiti, galibi a cikin foldar /etc, ana lallaɓa shi. Wanda ke ƙarƙashin /usr kuwa, sabon ƙunshi na zuwa zai danne shi ba sallama. Da yawan masu kukan an share musu aiki, a can suka yi gyaran.

To yaya ake lallaɓa na /etc ɗin?

A Debian da Ubuntu, mai kula da ƙunsoshinsu, dpkg, na ajiye tambarin MD5 na fayil ɗin asali, wato lambar da ke nuna ko an taɓa fayil. In ya ga ka taɓa naka, masu ƙunshin ma sun sauya nasu, sai ya tsaya ya tambaye ka: a sa sabo, a bar naka, ko a nuna maka bambancin? In ka bar naka, sabon zai zauna a gefe da wutsiyar .dpkg-dist, in ka karɓi sabo, naka ya koma .dpkg-old.

Red Hat da Fedora ba sa tambaya. Wanda ya haɗa ƙunshin RPM shi ke yanke hukunci tun farko: ko a bar naka a ajiye sabo a matsayin .rpmnew, ko a ture naka ya zama .rpmsave. Na biyun nan ne ke sa mutum ya wayi gari manhaja tana aiki da saitin da ba nasa ba, alhali nasa na nan kusa, suna kawai aka sauya masa. Arch kuma .pacnew yake bari.

Ashe riƙe tsohon fayil ya fi kwanciyar hankali?

A ganina wannan ma tarko ne. Da Apache, manhajar uwar garken shafukan intanet, ya tashi daga 2.2 zuwa 2.4, umarnin Require ya maye gurbin su Order da Allow, kuma tsohon saiti kan hana shi tashi in ba a loda tsagin da ke fahimtar tsohon salon ba. Fayilolin .rpmnew da suka taru ba a duba ba na iya ɗauke da gyaran tsaro. A kwatanta su da naka ta umarnin diff, mai nuna bambancin fayiloli, a ɗauki abin ɗauka.

Ina ya kamata in sa gyarana?

Inda aka ware maka. Kada ka taɓa fayilolin systemd, mai kunna manhajojin uwar garke, na /usr/lib/systemd/system. Umarnin systemctl edit zai buɗe maka override.conf a cikin /etc, inda sabuntawa ba ta shiga. OpenSSH, manhajar shiga uwar garke daga nesa, tun 8.2, na shekarar 2020, ya amince da Include, umarnin jawo saiti daga wasu fayiloli, a saitin sshd, ɓangarensa na uwar garke, shi ya sa ake samun foldar sshd_config.d. Amma a lura, sshd ƙimar da ya fara cin karo da ita yake ɗauka. Shi kuwa grub.cfg, fayil ɗin saitin tashin kwamfuta, a Debian da Ubuntu ƙera shi ake yi duk lokacin da aka sa sabon kernel, wato zuciyar babbar manhaja, don haka /etc/default/grub ake gyarawa.

In na kulle fayil da chattr +i fa?

Ba zai gogu ba, amma sabuntawa na iya tsayawa a tsakiya, ƙunshi ya maƙale rabi da rabi. Gara etckeeper, mai saka /etc cikin Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, yana adana yanayinsa kafin sabuntawa da bayanta, ka ga layin da ya sauya ka maido da shi.