Mece ce "fostdok"?

Kalmar tana yawan fitowa daga bakin masu karatun ƙididdiga da kimiyyar sarrafa bayanai, kuma da yawa suna ɗaukarta wani digiri ne da ke sama da digirin digirgir. Na taɓa jin wani ɗalibi yana tambayar nawa ne kuɗin makarantarta. Ko sisi ba a biya, kai ma ake ba albashi. Fostdok aikin bincike ne na wucin gadi, yawanci shekara ɗaya zuwa uku, wanda mai digirin digirgir yake yi kafin ya samu kujerar koyarwa ta dindindin ko ya koma kamfani. Galibi ba a ba da digiri a ƙarshe. Muƙalun da ya wallafa su ne shaidarsa.

Iri biyu ne. Akwai gurbin da farfesa yake tallatawa bayan ya samu kuɗin bincike, kamar waɗanda ake gani a shafin EURAXESS na Tarayyar Turai. A nan tambayar binciken tasa ce, kai hannu kake sa masa. Akwai kuma wanda kai za ka rubuta shirin bincikenka, ka nemi jami'ar da za ta karɓe ka, sannan ka shiga gasa. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai irin wannan ne, kuma yana da sharuɗɗa: kada gogewarka a bincike bayan digirin ta wuce shekara 8, kada kuma ka zauna fiye da wata 12 a ƙasar da za ka je cikin wata 36 da suka gabata. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster musamman don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, na wata 6 zuwa 24.

Mai ƙididdiga yana da wata dama da masu bincike na wasu fannoni ba su cika samu ba. Masu binciken zazzaɓin cizon sauro, noma, yanayi da ƙwayoyin gado duk suna neman wanda zai tsara musu yadda za a ɗauki samfuri, ya fassara alƙaluma da harsunan kwamfuta irin su R ko Python. Saboda haka wanda ya taƙaita nemansa a sashen ƙididdiga kaɗai ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa.

Amma nan ne abin da ke damuna yake. Sai mutum ya shekara uku yana yi wa kowa lissafi, sunansa yana tsakiyar jerin marubuta goma, babu muƙala ɗaya da za a ce tasa ce. Kwangila ta ƙare, masu ɗaukar malamai su tambaye shi nasa binciken, ya rasa abin nunawa. Don haka tun a zaman tantancewa ka tambayi farfesan ƙarara: kwana nawa a mako zan samu na aikina, kuma a wace muƙala sunana zai zo farko?