Saka tawaya a fotokatalis don samar da haidurojin

Fotokatalis sinadari ne da ke shan haske ya tafiyar da wani aikin sinadarai da ƙarfinsa, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Saka tawaya kuwa dabara ce ta ɓata jerin ƙwayoyin zarrarsa da gangan, a cire wasu ko a cusa baƙi, domin ya iya fitar da haidurojin daga ruwa da hasken da ido ke gani.

Tushen fannin aikin Akira Fujishima ne da Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo. A 1972 suka nuna cewa titaniyam dayoksaid, TiO₂, na raba ruwa idan haske ya sauka a kansa. Cikas ɗin shi ne giɓin makamashinsa, wato tsallen da ilektron zai yi kafin ya shiga aiki, ya kai eV 3.2 (eV ma'aunin makamashin ilektron ne) a nau'in TiO₂ da ake kira anatas, alhali raba ruwa eV 1.23 yake buƙata a ƙa'ida. Don haka hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, kaɗai yake sha, wanda bai wuce kashi 5 cikin ɗari na hasken rana ba.

Tawaya takan kafa wa ilektron matakala a cikin giɓin, ta yadda haske mai ƙarancin ƙarfi ma zai iya ɗaga shi. A 2001 Ryoji Asahi da abokan aikinsa na ɗakin binciken Toyota suka cusa naitirojin a TiO₂, ya fara shan hasken da ake gani. A 2011 Xiaobo Chen da Samuel Mao, a ɗakin binciken Lawrence Berkeley na Amurka, suka gasa garin TiO₂ cikin haidurojin mai matsi a digiri 200 na Celsius har kwana biyar. Farin gari ya koma baƙi ƙirin, domin saman ƙwayoyin ya hargitse. Gurbin da oksijin ya bari da Ti³⁺, wato ƙwayar titaniyam da ta riƙe ƙarin ilektron ɗaya, su ne tawayar da aka fi nazari.

Sai dai baƙin launi ba shi ne yawan haidurojin ba, kuma nan ne fannin ya fi buƙatar gaskiya. Tawayar da ke saman ƙwaya kan taimaka wa ruwa ya manne ya rabu; wadda ta yi zurfi a ciki kuwa tarko ce, inda ilektron ke komawa gurbin da ya bari, ƙarfin ya salwanta a zafi. Ƙari a kan haka, gwaje-gwaje da yawa ana yin su ne da platinam da metanol, kuma metanol ɗin ƙarewa yake yi, don haka ba cikakken raba ruwa ba ne.

Wani lokaci rage tawaya ne magani. Ƙungiyar Kazunari Domen a Japan ta saka alminiyam cikin wani fotokatalis mai suna strontiyam titanet, SrTiO₃, don danne Ti³⁺, kuma a 2020 ta samu kusan kashi 96 cikin ɗari na hasken da tsawon zangonsa ya kai nanomita 350 zuwa 360 yana aiki, amma ultrabayolet ne. A 2021 ta gwada faranti masu faɗin murabba'in mita 100 a fili, inda kashi 0.76 cikin ɗari na ƙarfin rana ya zama haidurojin.